Ɗan Bawul Ɗin da Ke Yi wa Inji Ƙarya

A ƙarƙashin bonet ɗin yawancin motoci masu turbo akwai wani ɗan abu da bai fi akwatin ashana girma ba. Baƙar roba ce, da siraran tiyo biyu ko uku maƙale a jikinta, sai wayar wuta guda. Bakanike zai iya shekara yana taɓa mota bai kula shi ba. Amma shi ke yanke yawan iskar da za a ɗura wa injin, kuma a kan wannan hukunci nasa ne mota take zabura kamar an tsikare ta, ko ta yi nauyi kamar jakin da aka lafta wa kaya, ko fistin ya narke a tsakiyar hanya. Mu da muke cin abinci da rubuta manhaja muna ji da wannan bawul, domin yana cikin wuraren farko da ƙarfen mota ya fara karɓar umarni daga lissafi. Abin dariyar shi ne, aikinsa gaba ɗaya ƙarya ce. Sai dai kafin a gane ƙaryar, dole a san wanda ake yi wa ita.

Inji wuta ce a cikin akwati, wuta kuwa iska take ci. Maƙeri ya san haka tun kaka da kakanni, shi ya sa yake da zugazugi da yaron da ke zuga masa. Turbo zugazugi ne da hayaƙin injin ke juyawa: fanka biyu a kan sanda ɗaya, hayaƙin da ke hanyar fita zuwa salansa ya juya ta farko, ta biyun ta dinga danna iska cikin silinda. Iska ta ƙaru, a ƙara mai, ƙarfi ya ƙaru. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1905, amma sai da aka kwashe kusan shekara ashirin kafin ta yi aiki na a zo a gani, a cikin manyan injinan dizal na jiragen ruwan Jamus.

Matsalar tana cikin dabarar kanta. Idan wuta ta yi wa maƙeri yawa, sai ya ce wa yaro ya dakata. Turbo ba shi da mai ce masa dakata. Ƙarin iska yana kawo ƙarin hayaƙi, ƙarin hayaƙi yana ƙara wa fanka gudu, ƙarin gudu yana kawo ƙarin iska, a haka har fankar ta wuce juyi 150,000 a minti guda. A injin fetur, idan matsi da zafi suka wuce kima, man yakan fashe da kansa kafin harshen wutar fulogi ya iso gare shi, sai a ji wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Wannan ita za mu kira ƙwanƙwasa. Ba ita ce abin da makanikanmu ke nufi ba idan suka ce inji ya buga, amma ita ce gajeriyar hanyar zuwa can.

A sararin sama aka fara neman maganin abin da gaske. Iska tana yin shara-shara yayin da ake hawa sama, injin jirgi kuma ya dinga haki. A 1918, Sanford Moss na kamfanin General Electric ya ɗora injin jirgi samfurin Liberty a kan mota, ya hau da shi dutsen Pikes Peak a jihar Kolorado ta Amurka, mai tsawon kusan mita 4,300. Injin da ke ba da ƙarfin doki wajen 350 a ƙasa ya faɗo zuwa 230 a can sama. Da aka haɗa masa turbo, ya ba da 356. Sai dai turbon da ya isa ya cika ciki a kan dutse, a ƙasa inda iska ke da kauri zai fasa injin ne. Don haka aka yi wa hayaƙi wata ƙofa ta gefe, wadda idan an buɗe ta wani kaso zai zagaye fankar ya fice abinsa. Mu kira ta ƙofar rara. Daga nan har yau, duk tarihin nan amsa ce ga tambaya guda: wa ke riƙe da wannan ƙofa?

Da farko matuƙin jirgi ne. A jirgin yaƙin Amurka B-17 mai inji huɗu, kowane inji da nasa marikin turbo, matuƙi yana lura da su huɗun a lokacin da ake harbinsa daga ƙasa. Kafin yaƙin duniya na biyu ya ƙare, kamfanin Minneapolis-Honeywell ya kawo na'urar lantarki da ta maye gurbin marikan da maɓallin murɗawa guda ɗaya mai lambobi har zuwa 10. Matuƙi ya zaɓi matsin da yake so, na'urar ta dinga auna abin da ke akwai tana gyara ƙofar da kanta. Wato abin da mota ba ta samu ba sai bayan kusan shekara arba'in, jirgi ya riga ya same shi tun zamanin da rediyo ke aiki da ƙwayayen gilashi.

Mota ta shigo zancen a 1962, da samfuri biyu na kamfanin General Motors, kuma kowane ya bi tasa hanya. Chevrolet Corvair Spyder ba ta da ƙofar rara ko kaɗan. An dai matse mata kafireto da salansa ne yadda turbon zai shaƙe kafin ya yi ɓarna, kamar a hana yaro gudu ta hanyar ba shi matsattsen takalmi. Oldsmobile Jetfire kuwa tana da ƙofar, amma injinta yana matse mai da iska fiye da sau goma, abin da ya yi wa fetur yawa idan aka haɗa da ɗura. Maganin da suka kawo shi ne wani ɗan tanki na ruwa gauraye da sinadarin metanol, da ake fesawa cikin injin don ya huce. Idan tankin ya ƙare, motar takan rage ɗurar da kanta. Masu motar suka dinga mantawa da cika shi, sannan su koma wurin dila suna ƙorafin mota ba ta ja. Ba a sayar da 10,000 ba aka daina yin ta, daga baya ma kamfanin ya yi tayin cire turbon ga duk mai so. Mu a sana'armu mun san wannan darasi sarai: duk tsarin da lafiyarsa ta rataya a kan mai amfani ya tuna wani abu kowane mako, ya riga ya faɗi tun a takarda.

Abin da ya zauna daga baya mai sauƙi ne. Ana haɗa ƙofar rara da sanda zuwa wani ɗan gwangwani. A cikinsa akwai fatar roba kamar ta kalangu, da sifirin a bayanta yana riƙe ƙofar a rufe. Siririn tiyo yana kawo iska daga bakin turbo zuwa gwangwanin. Idan matsin ya fi ƙarfin sifirin, fatar ta motsa, ƙofa ta buɗe, fanka ta rage gudu. Ba wuta, ba kwamfuta. Ana auna matsin da ma'aunin ba, kuma ba ɗaya ya kai kusan 14.5 a lissafin da mai faci ke amfani da shi wajen ba taya iska. Da irin wannan ƙofa Porsche ta fito da 911 Turbo a 1975. A filin tsere kuwa, motarsu 917/30 da Mark Donohue ya cinye gasar Can-Am ta 1973 da ita, mai ƙarfin doki wajen 1,100, tana da maɓalli kusa da direba, ya murɗa ya ƙara matsi idan zai wuce wani, ya sassauta idan ya yi nisa.

Sifirin amintacce ne, amma kurma ne. Lamba ɗaya ya sani. Bai san ko man da aka zuba yau mai kyau ne ko gurɓatacce ba, bai san ana sanyi ko ana zafi ba. Saboda haka dole injiniya ya zaɓi lambar da za ta tsira a rana mafi muni da mai mafi muni, sauran ranakun kuma a yi asarar ƙarfin da injin ke iya bayarwa.

A nan ne Saab ta shigo, wani ƙaramin kamfani a garin Trollhättan na ƙasar Suwidin, wanda ba shi da kuɗin ƙera babban inji mai silinda shida ko takwas. Injiniyansu Per Gillbrand da abokan aikinsa suka ɗauki injinsu mai silinda huɗu suka sa masa ƙaramin turbo mai saurin tashi, da ƙofar rara da ke buɗewa da wuri. Ba gudun fanfalaki suke nema ba, so suke magidanci ya taka totur ya wuce babbar mota cikin kwanciyar hankali. Saab 99 Turbo da aka nuna a 1977 ta ɗaga ƙarfin injin daga doki 118 zuwa 145. Amma Turai ƙasashe ne barkatai, kuma fetur ɗin wata ƙasa bai kai na wata jure matsi ba. Mai mota zai sha mai a Suwidin, ya ƙara a wani ƙauye a kudancin nahiyar. Don gudun ƙwanƙwasa, sai da suka rage matsewar injin zuwa 7.2, abin da ke sa mota shan mai da kasala kafin turbo ya farka.

Amsar da suka nuna a 1980, ta shiga kasuwa a Saab 900 Turbo ta 1982, sunanta APC. Mai karatu ɗan Najeriya ya kwantar da hankalinsa, ba jam'iyya ba ce. Abubuwa huɗu ne: wata 'yar na'ura da aka ɗaure a jikin injin tana sauraron ƙwanƙwasa kamar kunnen likita a ƙirji, wata tana auna matsi, akwatin lantarki da ke haɗa bayanan da gudun injin, sai bawul ɗin da muka fara da shi, wanda aka dasa a tsakiyar tiyon nan da ke zuwa gwangwani. Bakinsa uku, an rubuta musu C da W da R: ɗaya daga turbo, ɗaya zuwa gwangwanin ƙofa, ɗaya na mayar da iska baya.

Ga ƙaryar. A ce sifirin zai buɗe ƙofa a ba 0.4. Turbo ya kai 0.4, amma bawul ya zubar da wani kaso na iskar da ke cikin tiyon, gwangwani ya ji 0.2 kawai. Sai ya ci gaba da riƙe ƙofa, shi a ganinsa lokaci bai yi ba, matsi ya haura 0.6, ya haura 0.7. Bawul ɗin ba ya tsayawa rabi a buɗe, ko dai a kunne yake ko a kashe, sai dai yana yin hakan sau da yawa a daƙiƙa guda, sau 12 a tsarin Saab. Yawan lokacin da ya yi a kunne shi ne girman ƙaryar. Da zarar kunnen nan ya ji ƙwanƙwasa, akwatin ya rage ƙarya, ƙofa ta buɗe, matsi ya sauka kaɗan-kaɗan har ƙarar ta ɗauke, sannan ya sake lallaɓawa sama. Da wannan Saab ta mayar da matsewar injin zuwa 8.5, motar kuma ta iya shan fetur mai lambar oktan daga 91 zuwa 98, tana ba da ƙarfi daidai da abin da aka zuba mata.

Abin da ya fi burge mu a tsarin ba wayon ba ne, yadda aka shirya masa mutuwa ne. Idan waya ta tsinke ko akwatin ya ƙone, bawul ya koma matsayinsa na hutu, wanda ke haɗa turbo da gwangwani kai tsaye. Ƙarya ta ƙare, sifirin ya ji gaskiya, mota ta yi sanyi amma ta kai mai ita gida. Manhajoji da yawa da ake ji da su a yau ba su kai wannan akwati na 1982 sanin yadda ake faɗuwa ba tare da an ja kowa ba. Kuma akwatin ba kwamfuta ba ce irin ta yanzu, babu layin manhaja ko ɗaya a ciki. Akwai dai wasu ƙananan maɓallai uku da ake murɗawa da sukundireba, waɗanda masu karambani ba su daɗe ba suka gano su.

Dama ana gano cewa ƙarya ce ke kawo ƙarfi, kowa ya so ya yi tasa. A gasar Formula 1 abin ya kai hukumar tseren ta ɗora wa kowace mota bawul nata na hukuma da ke fasa iska idan matsi ya wuce ba 4 a 1987, ta rage zuwa 2.5 a 1988, ta hana turbo ɗungurungum a 1989. A Japan, inda kamfanoni suka yi yarjejeniyar baka cewa ba za su tallata motar da ta wuce doki 280 ba, Nissan Skyline GT-R ta 1989 ta fito da wani ɗan matoshi a cikin tiyon bawul ɗinta, an kuma yi wa wurin alama da launin rawaya. Masu motar suka ɗauki alamar a matsayin goron gayyata. Kamfanoni irin su HKS da Blitz da A'PEXi suka cika kasuwa da akwatunan lantarki masu maɓalli a gaban direba.

Wanda zai zaɓi bawul a yau, wannan tarihin ne aka baje masa a kan kanta. Mafi araha shi ne na hannu, kuma iri biyu ne. Akwai mai huda, wanda ke zubar da iska ta wani ɗan rami da ake ƙara wa faɗi da noti. Akwai mai ƙwallo da sifirin, wanda ke toshe tiyon gaba ɗaya har sai matsi ya ture ƙwallon, shi ya sa turbo ke saurin cika da shi, shi ya sa kuma yakan yi tsalle ya wuce lambar da aka sa kafin ya dawo. Dukansu maƙaryata ne kurame. Lambar da ta zauna lafiya da asubahin hunturu, ita ce za ta sa inji ƙwanƙwasa da azahar ɗin watan Afrilu, kuma babu mai gaya wa noti. A ra'ayinmu, saka na hannu a motar da ta zo da kunnenta daga masana'anta komawa 1975 ne da kuɗin mutum.

Na lantarki shi ma hawa-hawa ne. Mai baki biyu zubarwa kawai yake yi. Mai baki uku yana iya yanke iskar baki ɗaya, don haka ya fi riƙo. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a cire mai baki biyu a sa mai uku ba a taɓa lissafin da ke cikin kwamfutar motar ba. Kwamfuta ta ce a kunna kashi 60 cikin ɗari na lokaci, tana nufin ƙarya 'yar daidai, sabon bawul ya fassara ta da ƙarya mai kauri, matsi ya yi sama. Lamba ɗaya ce, ma'ana biyu. Haka kuma akwai bambanci tsakanin akwatin da ke bin jadawali ido rufe da wanda ke auna sakamako yana gyarawa. Na biyun ya fi, amma idan aka sa shi zafin gyara sai ya zama ɗan koyon tuƙi da sitiyari, ya karkata hagu ya fizgo dama, matsi yana hawa yana sauka.

Wajen ɗaurawa, sifirin ake fara tambaya, domin bawul ƙari kawai yake yi, ba ya iya sauko da matsi ƙasa da abin da sifirin ya sani, kuma masu aikin sun saba cewa da wuya ya riƙe fiye da ninki biyu na wannan lamba da kyau. Agogon auna matsi yana shiga kafin bawul, ba bayansa ba. Tiyo ya zama gajere, nesa da zafin salansa, a ɗaure kowane baki tamau. Dalili kuwa, mutuwar waya lafiya ce kamar yadda muka gani, amma ficewar tiyo ita ce ƙarya marar iyaka: gwangwani ba zai ji komai ba, ƙofa ba za ta buɗe ba. Mai ƙwallo yana da gaba da baya, idan aka juya shi sakamakon ɗaya ne da ficewar tiyo. Ana farawa daga ƙasa, a ƙara kaɗan, a gwada a giya ta uku, a saurara. Sannan duk iskar da aka ƙara tana neman ƙarin mai, idan famfon mai da nozul sun kai iyakarsu, wutar za ta yi zafin da fistin ba zai ɗauka ba.

Da can wannan zance na masu tsere ne da manyan motocin dizal. Yanzu ya iso ƙofar gida, domin dokokin hayaƙi da tsadar mai sun sa kamfanoni ƙanƙanta inji su cike giɓin da turbo, kuma waɗannan motoci su ne ke shigo mana ta Kwatano da Legas: Ford masu EcoBoost, Volkswagen masu TSI, Mercedes da Peugeot na baya-bayan nan, har da Honda Accord ta 2018 mai lita 1.5. Sun tarar da yanayin da APC aka ƙirƙira dominsa, har da ƙari. A gidan mai fetur iri ɗaya ne, babu zaɓin mai lamba sama, ga na bumburutu a galan a bakin titi. A Fabrairun 2022 ma hukumomi sun tabbatar da shigowar fetur mai metanol fiye da kima, aka janye shi, layuka suka dawo. Ga zafin da ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri, wanda ke busar da tiyon roba har ya tsage. Mai hawa Jos kuwa, a tsawon kusan mita 1,200, yana maimaita ɗan guntun gwajin Moss ne bai sani ba: iskar can ta fi ta bakin teku shara-shara da kusan kashi 13 cikin ɗari, kwamfuta tana ƙara riƙe ƙofa don ta cike.

Shi ya sa idan motar ta yi sanyi, na'urar bincike ta nuna P0299, wato matsi ya gaza, ko P0234, wato ya wuce, abu na farko da ya kamata a duba shi ne tiyon nan da ɗan bawul, kafin a yanke wa turbo mai tsada hukunci. Wani lokaci ma babu abin da ya lalace, kunnen ne ya ji man da aka sha ya ja da baya. Duk wanda ya ba da shawarar a cire tiyon gwangwani a toshe, ko a ɗaure sandar ƙofa da waya don mota ta farfaɗo, zai ga ta farfaɗo kuwa, na ɗan lokaci.

Ita Saab ba ta tsaya a APC ba. A 1993 ta fito da Trionic, kwamfuta guda da ke riƙe da mai da wuta da matsi tare, ta kuma mai da fulogi kansa kunne: bayan ya kunna wuta, sai a tura masa 'yar wutar lantarki a auna abin da ke gudana cikin silinda. Kamfanin ya durƙushe a Disambar 2011. A daidai wannan lokaci sababbin injina, irin su EA888 na Volkswagen zubi na uku, suka fara zuwa da ƙaramar motar lantarki da ke jan sandar ƙofar kai tsaye, tana kuma gaya wa kwamfuta inda ƙofar take a kowane lokaci. A irin waɗannan babu gwangwani, babu tiyo, babu inda za a dasa bawul. Mai son ƙarin matsi sai ya zo da kwamfutar tafi-da-gidanka, ya jona ta a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, ya buɗe jadawalin lambobi.